Europa Barbarorum: shin shi ya cancanci takobin wasannin yaƙin tarihi?

Gardama iri-iri ce. Akwai wadda ake yi a fada bayan an kammala kokawar ƙasa, kan wanda ya ɗauki takobi da wanda ake ganin alƙalai sun danne wa hakki. Akwai kuma wata, nesa da mu, wadda shekara 20 ke nan tana ci tsakanin ma'abota wasannin yaƙi na kwamfuta a Turai da Amurka da sauran wurare, a kan wani aiki mai suna Europa Barbarorum. Masu goyon bayansa sun tsaya kan cewa tun da aka fara yi wa wasannin tarihi garambawul ba a taɓa yin kamarsa ba. Masu kushe shi kuwa suna ganin darasin lakwal ne aka sa wa rigar wasa. Maganar ta cancanci a duba ta ko ga wanda bai taɓa zama gaban irin wannan wasa ba, domin samari da yawa a duniya ta nan suke fara jin sunan Hanibal da Kaisar tun malamin tarihi bai ambace su ba, kuma uban da ya sayo wa ɗansa kwamfuta yana da hakkin sanin irin abin da ake zuba masa a ka.

Tushen abin wani wasa ne mai suna Rome: Total War, wanda kamfanin Creative Assembly na ƙasar Ingila ya fitar a watan Satumba na 2004. Wasan kashi biyu ne. A kashi na farko mai wasa yana duban taswirar duniyar da, yana gina garuruwa, yana karɓar lanho, yana ɗaukar soja, yana ƙulla amana da maƙwabta ko ya warware ta, bi da bi kamar dara: ya yi nasa motsi, kwamfuta ta yi na sauran dauloli. A kashi na biyu, in runduna biyu suka yi kiciɓis, sai a sauka filin daga, inda dubban mayaƙa ke tafe a kan allo shi kuma yana ba su umarni nan take. Abin ya burge jama'a ƙwarai, har gidan talabijin na BBC ya yi aiki da injin wasan cikin shirinsa Time Commanders tun kafin wasan ya shiga kasuwa.

Shi kuma abin da ƴan wasa ke kira mod, duk wanda ya taɓa kai tsohuwar Fijo 504 gareji zai gane shi. Kanikawa su kwance kujeru, su canza fenti, su ƙara mata ƙarfen ɗaukar kaya, har mai ita ya kusa kasa gane ta. Amma inji da ƙashin motar na kamfani ne, kuma abin da injin ba zai iya ja ba, babu gwanintar da za ta sa ya ja shi. Haka masu garambawul suke yi wa wasa. Suna sake taswira da mayaƙa da dokoki da rubuce-rubuce, ba su taɓa injin. Aikin sa kai ne, ba a biyan su, kuma wanda ya riga ya mallaki wasan asali ba ya biyan ko dala kafin ya ɗora gyaran a kai.

Laifin da aka ga wasan asali

Wasan Creative Assembly yana farawa a shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa, amma Masar ɗin da ke cikinsa ta Fir'aunonin da ce, da kekunan doki da mayaƙa masu shigar zamanin Ramsis. Alhali tsakanin Ramsis na 2 da wannan lokaci akwai kusan shekara 1000. A shekara ta 270 gidan Batlamiyus ne ke mulkin Masar daga birnin Iskandariyya, jikokin wani hafsan Iskandar mai girma, mutanen Makedoniya masu magana da Girkanci, kuma ƙashin bayan rundunarsu sahun masu dogayen māsu ne irin na ƙasarsu ta asali. Kamar a ce za a nuna yaƙin duniya na 2 a sa sojan Faransa cikin sulken zamanin Sharlaman. An kuma raba Rum gida uku masu launi uku, abin da bai taɓa faruwa ba. Ga aladu da ake cinna wa wuta a kora su cikin giwaye. Marubutan da sun ba da labarin an taɓa yin haka a wani ƙawanya, amma wasan ya mai da shi sashen soja da ake ɗauka kamar kowane.

Inda abin ya fi muni shi ne wajen al'ummomin da Girkawa da Rumawa ke kira barbar. Mutanen Birtaniya an ba su masu jifa da ƙoƙon kan mutum, Jamusawa an ba su mata masu ihu, sauran kuwa gungun tsirara ne masu gatari da hayaniya. Kalmar kanta tana da tarihi. Bagirke in ya ji harshen da bai gane ba, sai ya ce masu shi bar-bar kawai suke yi, daga nan sunan ya fito. Kada mu yi saurin yi musu dariya, domin a bakin Bahaushe ma akwai kalmar gwaranci.

A watan Janairu na 2004, wata takwas kafin wasan ya fito, wasu masu sha'awar tarihi da ke bin hotunan da kamfanin ke saki suka lura da inda aka dosa. Da farko niyyarsu su tattara hujjoji su miƙa wa kamfanin don ya gyara. Da suka ga hakan ba ta yiwu ba, sai suka ɗaura aniyar yin gyaran da kansu. Suka haɗu ta intanet daga ƙasashe dabam-dabam, da masu karatun tarihi da harsunan da, da masu zane, da masu tsara kwamfuta. Zubin gwaji na farko ya fito a ƙarshen 2005, cikakken zubi a watan Oktoba na 2007, na ƙarshe a kan wannan inji a 2008. Taken da suka zaɓa da Latinanci ma'anarsa ita ce kowa barbar ne a idon wani.

Abin da suka gyara

Abu na farko da mai wasa zai gani shi ne kowace daula da sunan da take kiran kanta, ko mafi kusa da shi da aka iya ganowa. Rumawa sun koma gida ɗaya, Romani. Masar ta zama Ptolemaioi, Armeniya ta zama Hayasdan, Fartiyawa Pahlava. Guraben da aka samu daga haɗe gidajen Rum aka bai wa waɗanda aka manta: Baktiriya, daular Girkawa a ƙasar da yau take Afganistan, Saka, makiyaya mahaya doki na tsakiyar Asiya, da Saba'i ta ƙasar Yaman, wadda jama'armu suka sani ta labarin sarauniya Bilkisu. Taswirar ta faɗaɗa har bakin Indiya, da larduna 199, iyakar abin da injin ke ɗauka. Garuruwan da ba na kowace daula ba, waɗanda wasan asali ke kira ƴan tawaye, aka sake musu suna Eleutheroi, wato masu ƴancin kansu. Wannan ɗan canji kaɗai ya isa ya nuna inda hankalin masu aikin yake. Har muryoyin mayaƙa aka sake ɗauka, ana ba da umarni da Latinanci da tsohon Girkanci da harshen Keltawa.

Duk wanda ya zauna bencin lakwal ya ji labarin Golawa da Vercingétorix da faɗuwar Aleziya a shekara ta 52 kafin miladiyya, in bai ji daga mushe ba ya gani a zanen Astérix. A nan Golawan gida biyu ne masu gaba da juna, Aedui da Arverni, kamar yadda suka kasance. Mutane ne masu birane da ganuwa, masu buga kuɗin zinariya, maƙera waɗanda masana da yawa ke danganta ƙirƙirar sulken zobe da su, sulken da sojan Rum ya ara ya sa ɗaruruwan shekaru. Aedui suna zaɓen shugaba duk shekara. Amma masu gyaran ba su wanke kowa don son rai ba. Mayaƙan Gaesatae da suka shiga yaƙin Telamon tsirara a shekara ta 225 suna nan tsirararsu, domin marubucin tarihi Polibiyus ya ba da labarinsu. A ɗaya gefen kuma an hana sojan Rum sulken nan na faranti-faranti da kowa ya saba gani a silima, bisa hujjar cewa sai a ƙarshen zamanin wasan, lokacin sarki Ogustus, ya fara bayyana cikin abubuwan da aka tono. Masu wasa sun yi shekaru suna roƙo a sa shi, aka ƙi.

Ɗan kasuwa da ya gwada wasan zai fi kowa saurin gane wahalarsa. A wasan asali kuɗi na shigowa kamar ruwan Agusta, runduna sai wadda mutum ya ga dama. A nan soja yana cin albashi mai nauyi kowane zagaye, ko ana yaƙi ko ba a yi, jirgin ruwa kuwa ya fi kowa ci. Yawancin dauloli suna fara wasan da rundunar da ta fi ƙarfin baitulmalinsu, ta yadda cikin shekara guda lissafi ke komawa bashi. Zaɓi biyu ne: ko a sallami rabin sojan a zauna a gina kasuwa da hanya da tashar jirgi, ko a fita da su nan da nan a ci garuruwan maƙwabta kafin bashin ya shaƙe. Haƙar ma'adini jari ne mai tsada wanda sai an yi haƙuri yake mai da uwar kuɗi. Kuma shekara zagaye huɗu ce maimakon biyu, da damina da rani nasu, tafiya cikin hunturu tana gajiyar da janar. Daga shekara ta 272 da wasan ke farawa zuwa ta 14 bayan miladiyya, zagaye ya haura 1100.

Ma'aikacin gwamnati kuma zai tsaya ne a kan tsarin mulki. In an ci gari da yaƙi, ba a nan aikin ke ƙarewa ba, sai an zaɓi irin hukumar da za a kafa masa cikin iri huɗu. A wani gefe akwai mulki kai tsaye, mai tsada da ɗaukar lokaci, wanda ke ba da damar gina komai da ɗaukar soja irin na gida, amma ba ko'ina yake kafuwa ba. A ɗaya gefen akwai barin gari a hannun sarkinsa a matsayin abokin amana: yana kafuwa da wuri, jama'a ba su cika tayar da ƙura ba, sai dai sojan da za a samu na ƙasar ne da makamansu na gargajiya. Wanda ya san bambancin yadda Faransa ta riƙe Damagaram da yadda Ingila ta riƙe Kano ba ya bukatar dogon bayani. Ga Rumawa har matakan muƙami an sa, daga ma'aji zuwa alƙali zuwa konsul, kuma ɗan babban gida da aka bari yana zaman banza a birni mai arziki yakan lalace da giya da almubazzaranci, ya zama gwamnan da ke jawo asara.

Kowane gini da kowane rukunin soja yana da bayaninsa, wani ya kai shafi guda. A nan ne masoya suke cewa sun koyi tarihin da ba su samu a lise ba, a nan ne kuma masu suka suke hamma.

Inda injin ya kasa, da inda hujja ta ƙare

Sai dai mota ba ta wuce injinta. Kwamfutar da ke riƙe da sauran dauloli ba ta da wayon da ya dace da wannan duniya da aka ƙawata. Takan ƙulla amana yau ta kai hari gobe ba dalili, takan ƙi sulhu ko da gari ɗaya ya rage mata, a filin daga kuma takan turo janar ɗinta shi kaɗai cikin māsu. Masu gyaran sun rufe wannan rauni da ba ta kuɗi ta bayan fage, abin da ke sa a tsakiyar wasa mutum ya riƙa karo da runduna bayan runduna har ya gaji. A zubin farko akwai kuma wata ƙa'ida mai ban haushi: duk lokacin da aka buɗe wasa sai an danna hoton mai ba da shawara don tayar da tsarin da ke tafiyar da yanayi da sauye-sauye, in aka manta lissafi ya rikice. Rubutun kuma da Ingilishi yake, mai nauyi, cike da kalmomin Girkanci. Wanda Faransanci kawai ya iya zai sha aiki.

Akwai matsala mafi zurfi, wadda ta taɓa abin da aikin ke alfahari da shi. Rumawa da Girkawa sun bar littattafai. Jamusawan shekara ta 272 ba su bar ko layi ɗaya ba. Don a ba su sunayen runduna da muƙamai sai da aka koma ga harshen da masana suka sake ginawa ta hanyar kwatanta harsunan da suka fito daga gare shi, don a ba su makamai sai da aka dogara ga abin da aka tono a kaburbura da fadamu, sauran kuma aka cike da ƙiyasi. Mai wasa da ke karanta bayani ba kullum yake iya rarrabe abin da aka tabbatar da abin da aka zata ba, domin duka da murya ɗaya aka rubuta su. Daular da aka bai wa Birtaniya a zubin farko, Casse, sunanta na wata ƙabila ne da Kaisar ya ambata shekara 200 da wani abu bayan farkon wasan. An soki wannan sashe, kuma abin yabo ne cewa masu aikin sun karɓi sukar: a Europa Barbarorum II, wanda ya fito a watan Agusta na 2014 a kan injin Medieval II: Total War, sun rushe shi sun sake gini da sunan Pritanoi.

Mai karatu na wannan nahiya zai lura da wani giɓi kuma. Injin farko dauloli 21 kawai yake ɗauka har da masu ƴancin kansu, kuma cikin waɗanda aka sadaukar don a sami gurbi har da Numidiya, ƙasar da yau take cikin Aljeriya, wadda mahayan sarkinta Masinisa suka taimaka aka karya Hanibal a Zama a shekara ta 202. Sai a zubi na 2 aka dawo da ita. Daular Kush ta birnin Meroe a Sudan, wadda ta gwabza da sojan Ogustus a kudancin Masar, ba ta sami kujera ba ko a na farko ko a na biyu. Abin mamaki, kamfanin da ake zargi da wasa da tarihi shi ne ya sa Kush cikin Total War: Rome II a 2018, ko da yake sai an biya kuɗi dabam. Sunan aikin dai bai ɓoye komai ba, da Europa ya fara.

Abokan karawa

Ba shi kaɗai ne a fili ba. Rome: Total Realism ya riga shi fitowa, ya fi shi sauƙin shiga, kuma shi ya fara nuna wa jama'a cewa ana iya gyara wasan. Roma Surrectum II na 2010 ya fi shi kyan gani, da rundunonin Rum masu suna da lamba kowace da tutarta, amma Rum ce tauraruwarsa, sauran ƴan rakiya ne. Bayan da kamfanin Feral Interactive ya sabunta tsohon wasan a 2021 aka kuma ɗage iyakokin injin, mutanen waɗannan ayyuka biyu suka haɗa hannu a kan Imperium Surrectum, mai taswirar da garuruwanta suka haura 1000. Girma dai ba a magana, sai dai riƙon garuruwa masu yawa haka aiki ne na ofis.

Babban abokin karawa shi ne Divide et Impera, wanda aka gina a kan Rome II na 2013. Wasan nan ya fito da kurakurai masu yawa har kamfanin ya yi shekara yana faci, amma garambawul ɗin ya mai da shi wani abu dabam. Ya kawo lissafin jama'a: kowane soja daga wani aji na mutanen gari ake cire shi, in manyan gida suka ƙare a yaƙi babu mahaya masu sulke sai an jira wasu sun taso. Ya kawo lissafin guzuri: rundunar da ta yi nisa da rumbunanta yunwa za ta ci ta tun ba ta ga abokin gaba ba. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka fi kashe rundunonin da, kuma a nan Divide et Impera ya sha gaban Europa Barbarorum. Ya fi shi kyan hoto, ya fi shi sauƙin ɗorawa. Amma yana son kwamfuta mai ƙarfi, alhali tsohon yana tafiya a kan injin ofis da ya kwana biyu.

To, wa ya cancanci takobin? In tambayar ita ce wanne ya fi daɗin bugawa a yau, amsar gaskiya Divide et Impera ce, kuma masoyan tsohon da ke musun haka ƙaunar ƙuruciyarsu ce ke magana. In kuwa abin da ake nema wasan da zai sa mutum ya tashi ya san Baktiriya da Saba'i da Aedui, ya kuma daina ɗaukar labarin Rumawa a kan maƙwabtansu kamar saukakken zance, to har yanzu babu wanda ya kayar da Europa Barbarorum, musamman zubinsa na 2. Tunda kalmar tarihi tana cikin tambayar, wannan ma'auni na biyu shi ya fi nauyi. Yawancin abin da abokan karawarsa ke taƙama da shi, sunayen asali da ɗaukar soja bisa yanki da sauyin makamai bisa zamani, hanya ce da shi da Total Realism suka share.

Wanda zai gwada, zubin farko yana bukatar tsohon Rome: Total War, na biyu kuma Medieval II tare da ƙarinsa Kingdoms. Kada ya fara da daular Salukiyawa don ya ga ta fi kowa faɗi a taswira. Iyakokinta sun yi yawa, kowace tana ci da wuta. Rum ta fi sauƙi ga sabon shiga. Mai son ya ɗanɗana abin da masu aikin suka nufa kuwa sai ya ɗauki Epeiros, ƙaramar daula a yammacin Girka. Shekarar 272 ita ce shekarar da sarkinta Firus, wanda ya ci Rumawa sau biyu da asarar da ta kusa cinye rundunarsa, ya mutu cikin lungunan birnin Argos bayan wata tsohuwa ta jefo masa tubalin rufi daga kan soro. A zagayen farko na wasan yana nan da ransa, da giwayensa, da birnin Taras a kudancin Italiya wanda Rumawa ke shirin ƙwacewa, da baitulmalin da ba zai iya ciyar da giwayen ba har ƙarshen shekara.